Shuka Uku da Motar Cikin Gilashi

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kusan mako uku ke nan da yayyafin da ya ruɗi mutane suka fita da iri, kuma tun ranar sama ta bushe kamar an share ta. Kowace la'asar sai in tsinci kaina tsaye bakin ƙofa ina duban gabas. Yanzu ba ni da gonar da nake nomawa da hannuna, ƴaƴana sun girma, akwai hatsi a ɗaki. Amma cikina bai san da haka ba. Da na ga hadari ya taso ya watse, sai ya ɗaure mini irin ɗaurin da ya yi a waccan shekarar, farkon shekarun casa'in, lokacin ina aikin buga takardu a Illela.

Buro ne, wato ofis, na wani furoje, shirin taimakon manoma, ɗaki huɗu da baranda, da injin wuta a bayan gini. Shekarata goma sha ɗaya a kan mashin ɗin buga takardu. Ina iya buga shafi guda ina hira da mai shara ban dubi hannuna ba. Maigidana, Malam Sani, manomi ne, gonar gidansu tana Tajaye inda mahaifiyarsa Inna take zaune. Ƴaƴanmu huɗu. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbu ya ƙare tun kafin zafi ya kankama. Buhun geron da nake saye duk ƙarshen wata shi ke riƙe da gida biyu. Ranar da ya zo sai mu raba shi a tsakar gida, Malam ya ɗaure rabi a bayan keke ya kai Tajaye.

Da asuba nake tashi in daka ɗan abin da na auna tun jiya, in dama kunu. Kunun nan kullum ƙara tsinkewa yake yi. Da rana yara su jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Da yamma tuwo, sau ɗaya, malmala ƙanana, miyar kuka ba mai. Daga baya har tuwon ya koma na bayan kwana biyu, muka shiga kwaɗon ganye. Zafi kuwa ba a magana. Ruwan randa ɗumi gare shi tun da safe, tabarma tana ƙona baya, bangon ɗaki yana huci har bayan magariba. Autata Balki takan kwanta a ƙasa kusa da randa, ta manna kumatunta a jikinta, ba ta ko kuka.

Ruwan farko ya sauka wata Juma'a. Asabar da sassafe duk muna Tajaye. Malam yana gaba yana sara da sungumi, ni da Inna da manyan yaran muna biye, muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ƙasa tana ƙamshi, mutane suna kiran juna daga gona zuwa gona. Bayan kwana biyar gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Bayan kwana ashirin babu ko ɗaya. Rana ta soye shi, iska ta kwantar da sauran cikin rairayi.

A cikin makon nan ne akwatin ya iso daga Yamai. Mu ordinater muke ce masa lokacin, yanzu jikokina suna cewa kwamfuta. Aka ba shi ɗaki nasa, aka sa masa na'urar sanyi, aka yafa masa zane. Mu muna zufa a baranda, shi yana shan sanyi. Shugaban buro, wanda kowa ke kira Shef, mutum ne mai ƙarancin magana, ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya kira ni ya ce daga yanzu Yamai ba za su ƙara karɓar rahoto a takarda ba, sai a disket, ɗan faifan da ake zura wa akwatin.

"Madam Hadiza, wata biyu gare ki. In kin iya, to. In ba ki iya ba, za su aiko da wadda ta iya."

Na ce, "To, Shef." Na fita.

Wani mutum ya zo daga Yamai ya koya mini kwana uku, yana magana da sauri yana duban agogo. Haruffan a inda na san su suke, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsorata ni shi ne babu takarda. Rubutun yana cikin gilashi yana ƙyalli, ba ka iya taɓa shi. Rana ta huɗu, bayan mutumin ya tafi, na wuni ina buga rahoto mai tsawo. Dab da tashi na danna wani abu, har yau ban san ko mene ne ba. Akwatin ya yi ƙara, gilashin ya share fes. Aikin wuni guda ya tafi, babu ko toka.

Tun daga ranar, da na zauna gabansa sai hannuwana su kama rawa. Yatsun da suka shekara goma sha ɗaya ba su ɓata ba, suka koma ba su iya buga sunana. Ina ganin fuskata a gilashin, ina ganin buhun gero yana fita daga gidana.

Akwai wata injiniyar noma a buron, Madam Ramatu, ƴar Yamai ce, ta girme ni da karatu na girme ta da shekaru. Tana hawan babur zuwa ƙauyuka, Hausarta a karkace take, dariyarta kuma ana ji daga titi. Da tsakar rana kowa yakan tafi gida sai uku da rabi. Ni na daina tafiya, don kada in ci rabon yara. Wata rana ta same ni zaune gaban akwatin, hannuwana a cinya.

"Yaya Hadiza, wanga abu ba shi cizo."

"Ya cinye mini aikin wuni guda."

Ta rufe ƙofa, ta ciro wata disket daga jakarta, ta zura. Gilashin ya yi baƙi. Sai ga hanya ta bayyana, shimfiɗaɗɗiya, da ciyawa gefe da gefe. Abin da na fara gani ke nan, ciyawar. Rabona da kore irin wannan tun geron da ya ƙone. A ƙasan gilashin ga sitiyari, ga agogunan mota, kamar kana zaune a ciki.

"Wasan tseren mota ne," in ji ta. "Wanga maɓalli wuta, wanga birki, hagu, dama, wanga kuma giya. Ki tuƙa."

"Ni ko keke ban taɓa hawa ba."

"Ki tuƙa dai."

Na danna wuta. Injin ya yi kuka, hanya ta taso mini. Kafin in tuna inda birki yake ga kwana, ga bango. Ƙarar da ta fito daga akwatin ta sa na miƙe tsaye, kujera ta faɗi, ina salati. Gilashin motar ya tsage, taya ɗaya tana gangarawa ita kaɗai. Na tabbata na kashe kayan furoje, na gama aiki a ranar. Ramatu tana riƙe da ciki, hawaye na zubo mata don dariya. Ta miƙa yatsa ɗaya ta danna. Ga mota sabuwa, tsaye a layin farawa, kamar ba abin da ya faru.

"Sake," ta ce.

Ba zan ce na ji daɗinsa ba. Wasan nan mugu ne. Ba irin na wayar jikokina ba ne, da mota ke dukan bango ta ci gaba da gudu. Wannan in ka shiga kwana da wuta sai bayan motar ya juyo gaba. In ka taka birki da ƙarfi taya ta kafe, ka zarce cikin ciyawa. In ka manta giya injin ya yi ta ihu har hayaƙi ya tashi. Makon farko ban wuce kwana ta uku ba. Amma duk tsakar rana Ramatu sai ta zura disket ɗin, in ba ta nan ta bar mini ita ƙarƙashin zanen.

Ita ta ce in bar tsere tukuna, in zaɓi hanya ba kowa, in tafi a giya ta ɗaya kamar amalanke. Haka na yi. Na zagaye hanyar duka a hankali, na ga ashe kwana goma sha ɗaya gare ta, kuma ba sa canja wuri. Na samo tsohon littafin lakwal, wato makaranta, na ɗana, na zana hanyar, na raɗa wa kowace kwana suna. Akwai Kwanar Mahauta, akwai Kwanar Tasha, akwai doguwar da na kira Hanyar Ƙwanni. Sai wata muguwa bayan an fito ƙarƙashin gada, mai lanƙwasa kamar lauje, na sa mata Kwanar Inna, don ba ta yafe kuskure. Na lura akwai alluna a bakin hanya kafin kowace kwana. Na rubuta a wane allo zan ɗaga yatsa daga wuta, a wane zan taka birki. Na koyi jin muryar injin, in ta yi siriri in ƙara giya. Ranar da na gama zagaye guda ban taɓa ciyawa ba, sai na ga ina murmushi ni kaɗai. Na yi sauri na gyara fuska kamar wani ya kama ni.

Bayan kowane wasa Ramatu takan ce in buga shafi ɗaya. Ta nuna mini yadda ake ajiye rubutu cikin disket, ta ce duk rabin shafi in ajiye. Hannun da ya gama kokawa da Kwanar Inna bai cika rawa a kan haruffa ba.

A waje kuwa abu sai ƙara ɓaci yake yi. Aka yi wani ɗan ruwa, muka koma Tajaye muka yi shuka ta biyu. Wannan ko tsirowa sosai ba ta yi ba. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, maza da riguna a juye, yara suna kuka don ƙasa na ƙona musu ƙafa. Hadari yakan haɗu da la'asar, baƙi ƙirin, a ji sanyin iska har a kwashe shanya, sai ya zame ya yi kudu. Inna ta zuba sauran irin da ya rage cikin gora, ta toshe bakin da tsumma, ta rataye a saman gadonta. Ta ce ko wa zai mutu ba a taɓa shi. Samarin Tajaye suka fara sulalewa zuwa Najeriya. Malam ya sayar da akuyarmu ta ƙarshe, ya ce in mako biyu suka wuce ba ruwa shi ma zai bi su.

Kunya ta ishe ni. Yarana suna kwance da yunwa, ni ina cikin sanyi ina wasa. Ban faɗa wa kowa ba. Wata yamma bayan mun ci abin da ya samu, ina zaune a tabarma ina tunanin Kwanar Inna, ashe yatsuna suna motsi a kan gwiwata, har ina karkata kafaɗa.

"Dije, mi ya samu hannunki?" Malam ya tambaya.

Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗa masa duka. Na jira faɗa.

"Ita motar, ina take kai ki?"

"Ba ta zuwa ko'ina, Malam. Zagayawa take yi ta komo inda ta tashi."

"Kamar ni da Tajaye ke nan."

Sai ya yi dariya, ƴar gajera, irin wadda ta fi kama da tari. Rabon da in ji ta tun kafin shukar farko. Bai hana ni ba, bai kuma ƙara tambaya ba.

Cikin mako na shida na fara shiga tsere da sauran motoci. Nan wani sabon tsoro ya zo, don suna matse ka, suna bayyana a madubi kamar zanzaro. Sau da yawa tun a kwanar farko ake tarwatsa ni. Na koyi barinsu su wuce su yi ta karo da juna, ni in bi a baya in ratsa ta tsakanin tarkace. Wata Alhamis, Ramatu ta tafi ƙauyuka duba gonakin da suka ƙone, ba za ta dawo ba sai Asabar. Ni kaɗai ce a ɗakin. Na kai zagaye na ƙarshe, karo na farko a rayuwata, mota lafiya lau, har akwai biyu a bayana. Ina magana da ita da ƙarfi, ina cewa, "Sannu, ƴar albarka, sannu, ga gada nan, kada ki ba ni kunya." Na shiga Kwanar Inna na fita. Na tsallake layi. Na ɗaga hannu biyu sama.

A cikin gilashin na ga mutum tsaye bayana.

Shef ne. Ya dawo ɗaukar makullin da ya manta. Ban san tun yaushe yake nan ba. Ya dubi gilashin, ya dube ni. Ya fita, ya dawo da tarin takardu rubutun hannu, ya ajiye gabana.

"Rahoton ƙauyukan da shukarsu ta mutu. Da shi za a aiko da iri da hatsi. Motar Yamai tana tashi gobe ƙarfe bakwai. Ina son shi a disket. Ke kaɗai."

Ya ɗauki makullinsa ya tafi.

Na san abin da ake nufi. Na cire disket ɗin wasa kamar garwashi, na zura ta aiki. Shafi goma sha huɗu ne, da jerin sunayen garuruwa. Layin farko sai da na buga shi sau uku. Na ajiye hannuwana a cinya, na ja numfashi, na ce wa kaina a giya ta ɗaya za mu tafi. Rabin shafi, in ajiye. Rabin shafi, in ajiye. A shafi na shida na ga Tajaye cikin jerin, da rubutun Ramatu a gefe: shuka biyu, babu ko ɗaya. Na buga shi harafi-harafi.

Wajen ƙarfe biyar haske ya canja a taga. Ban tashi na duba ba, hadari ya sha yi mana haka. Sai iska ta bugi ƙofa, kwanon rufi ya fara kaɗawa. Ina shafi na goma sha ɗaya aka yi wata tsawa da ta girgiza teburin, fitila ta mutu, gilashin ya yi baƙi.

Na zauna cikin duhun ɗakin nan ban motsa ba. Na ce shi ke nan, ya sake cinyewa, gobe mota za ta tafi ba rahoto, Tajaye ba iri, ni ba aiki. Ina cikin haka na ji wani abu yana dukan kwano, ɗaya-ɗaya, kamar ana jifa da tsakuwa. Sannan ya ɓarke gaba ɗaya. Ƙarar ta cika ɗakin har ba na jin kukana. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. A titi yara suna ihu. Ban san ko kukan murna nake yi ko na tsoro ba, na dai kifa kai a teburin na bar shi ya zubo.

Kusan awa guda kafin mai gadi ya samu ya tada injin wuta. Na kunna akwatin, na jira ya gama ƴan ƙararrakinsa, na kira rahoton. Ya fito. Shafi goma da rabi, layi biyar kawai suka tafi. Na sake buga su. Sai da na kai shafin ƙarshe na lura hannuwana tsaye suke cak. Na gama ana kiran magariba, ruwa bai tsaya ba. Na naɗe disket ɗin cikin leda, na sa a aljihun tebur na kulle, na taka cikin ruwa har gwiwa zuwa gida. Na tarar da yara tsirara a tsakar gida, duk kwanukanmu jere ƙarƙashin indararo. Malam ba ya nan. Babbar ƴata ta ce tun ɗigon farko ya ɗauki sungumi ya hau keke.

Shida da rabi na safe ina ƙofar buro. Shef ya zura disket ɗin da kansa, ya zauna, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye bayansa. Ya kai ƙarshe, ya cire ta, ya sa a ambulan, ya miƙa wa direba ta taga. Mota ta tashi. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya daɗe yana duban gilashin da ba komai a ciki.

"Kwanar nan ta bayan gada," ya ce, bai juyo ba. "Da giya ta nawa kike shigarta?"

Na ɗauka kunnena ne. "Ta biyu, Shef."

"Ta biyu." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni da ta uku nike shiga. Lahadi huɗu ke nan ina karo a wurin."

Na rasa inda zan sa idona. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, fuskar nan tasa ta kullum.

"An yi ruwa Tajaye?"

"Ina jin an yi, Shef."

"To ki tai ki yi shuka. Litinin ki komo da wuri, akwai wani rahoton."

Na ce to. Na fito baranda, na sauka matakala uku, na bi ta cikin laka har gindin bedi, wato dogon yaro, da ke bakin titi. Nan na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa da zanen aikina. Ina ta maimaita kalmar a bakina, Litinin, Litinin, har motar kasuwa mai zuwa Tajaye ta tsaya, yaron mota ya ce, "Hajiya, za ki ko ba za ki ba?"

Kafin azahar ina bayan Malam da gorar Inna a hannu, ina zuba iri ina rufewa da diddige.